Lumina SS ƴar 2009 da hanyar Makka zuwa Jidda: yadda lamarin ɗan ƙanwata ya kasance

Yaron ɗan ƙanwata ne, shekararsa 27, haifaffen Jidda, yana aiki a wani sito na kayan abinci a Khumra can kudancin gari, albashi riyal 4,500. Da can gidansu na Gulail ne, kafin shayi ya huce ya isa wajen aiki. Da aka fara rusau ɗin tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, su Gulail da Sabil da Karantina, haya ta yi tashin da ba za su iya ba, sai uwar ta tattaro su suka dawo Makka kusa da mu a Shauƙiyya. Toh gida ya dawo Makka, aiki yana nan Jidda. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar sito kusan kilomita 80, zuwa da dawowa 160, kwana shida a sati. Ku riƙe 160 ɗin nan, duk abinda zan faɗa daga ita ya taso.

Jirgin ƙasa na Haramain bai masa amfani ba, daga Rusaifa zai ɗauke ka ya sauke ka Sulaimaniyya, daga can zuwa Khumra kuma wata tafiyar ce mai zaman kanta, ga tikitin kullum ba na mai albashinsa bane. Haka yayi ta bin ƴan kaddad, masu ɗaukar fasinja da motocinsu na gida, yau a samu mota da wuri gobe a tsaya jiran fasinja har lokacin shiga aiki ya wuce. Da ya ɗauki adashi ya haɗa da ɗan abinda ya tara kuɗi suka kai 27,000, sai maganar mota ta taso, kuma da yake na yi shekaru ina jan motar kamfani a wannan layin uwarsa ta turo min shi.

Ni Yaris ko Accent nace masa. Ya dube ni yace "Kawu, awa biyu da wani abu fa kullum nake kan titi, ba zan ƙare ƙuruciyata cikin gwangwani ba." Lumina SS yake so, tun yana yaro yake ganinta a Kornish ana ji da ita. Kuma maganar gaskiya ba shirme ya faɗa ba, duk wanda ya taɓa bin hanyar nan da ƙaramar mota tirela ta wuce shi iska ta kaɗa shi ya san bambancin mota mai nauyi. Ban hana shi ba, sharaɗi ɗaya na kafa: kar ya kashe kuɗin duka a saye, ya bar 5,000 a gefe.

Ga wanda bai san motar ba, sunan Chevrolet ne a jikinta amma ba ƴar Amurka bace. Kamfanin Holden ne ya ƙera ta a Ostireliya, a can Commodore suke ce mata, tun 1998 ake kawo ta ƙasashen Larabawa da sunan Lumina. In ka duba lambar shasi za ka ga da 6 ta fara, alamar Ostireliya kenan. Ta 2009 ɗin injinta silinda 8 ne, lita 6.0, ƙarfin doki wajen 360, giya 6 otomatik, tayoyin baya ke ja. Injin nan dangin wanda ke cikin GMC Yukon da Tahoe da Silverado ne, kuma kun san waɗannan a Saudiyya ko'ina ka juya su ne, don haka fulogi, kwayil, sensa, duk wani abu na cikin inji a kowace sina'iya, wato unguwar bakanikai, za ka samu, kowane bakanike ya san shi. Amma jikin motar, fitilu, bamba, gilas, kayan ƙafa, kayan cikin gida, waɗannan na Ostireliya ne, kuma masana'antar da ke yin ta a Elizabeth kusa da Adelaide an rufe ta a Oktoban 2017. Motar kashi biyu ce kenan, rabi yana da dangi a kowane lungu, rabi maraya ne. Yaron rabin farko kawai ya sani lokacin da yake min lissafi.

Neman ya ɗauki lokaci. Ta farko da muka gani a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, hoto ya yi kyau, tambarin SS gaba da baya, salansa huɗu, muna buɗe bonet sai ga silinda 6 ƴar 3.6, an mata kwalliya ne kawai. Ba mu ko zauna ba. Wadda ta ɗauke masa hankali ta gaba ce, baƙa, a wajen wani matashi a Jidda, ana tada ta ƙasa na rawa. An canza mata bututun hayaƙi tun daga inji, an cire tukunyar da ke tace hayaƙi, an mata barmaja, wato an sake saitin kwamfutarta. Mai ita sai faɗi yake an kashe mata kuɗi kaza, shi kuma yaron yana jin kamar kyauta za a ba shi. Na durƙusa na sa hannu cikin ramin tayar baya, na fito da ɓurɓushin roba baƙi ƙirin manne a jiki, tayoyin baya sababbi fil na gaba tsofaffi, da muka ɗan zaga da ita kuma difiransha na kuka a hankali in ka ɗaga ƙafa daga totur. Motar tafhit ce, wato wasan zamiya da mota a titi, an sha juya ta. Nace masa ko ba ta lalace ba wannan ba za ta wuce fahas ba, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, sai an maido da kayan da aka cire, kuma kai ne za ka sayo su. Ya yi fushi har muka iso shingen bincike na Shumaisi a hanyar Makka bai ce min uffan ba.

A Jidda akwai wani abin dubawa kuma, ruwa. Ambaliyar Nuwamban 2009 da ta Janairun 2011 da ta 24 ga Nuwamban 2022 wadda har hanyar Makka sai da aka rufe, duk sun nutsar da motoci ba adadi, kuma da yawa an busar an wanke an sayar. Ita wannan Lumina batirinta a but yake, don haka in ka ɗaga kafet ɗin but ka leƙa ƙarƙashin safaya ka ga tsatsa ko busasshen laka, ka kama gabanka. Ko ba ambaliya, danshin teku da gishiri na cin ƙasan motar Jidda, shi yasa mutane ke son motar Riyad ko Ƙasim.

Wadda aka saya a Ta'if muka same ta, hannun wani dattijo ɗan fansho, fara, ba a taɓa mata komai ba yadda ta fito daga wajen dilan kamfani, kilomita 230,000 a agogo. Mun ciro rahoton Mojaz mai nuna tarihin mota, masu ita biyu ne tun farko, hatsari ɗaya ƙarami, lambobin agogon da aka rubuta a baya suna tafiya daidai ba alamar an mayar da shi. Muka kai ta wajen masu duba mota da kwamfuta muka biya da kanmu, ba wajen da mai ita ya nuna ba. Inji lafiya, giya lafiya, bush ɗin ƙafar gaba sun gaji, tayoyi zane na nan amma lambar jikinsu ta nuna sun haura shekara biyar. Aka daidaita a 22,000. Fahas ɗinta na da rai, yaron ya yanki tamin, wato inshora, na ɓangare na uku, wanda in ka bugi wani a biya shi kai kuma ka ji da taka, aka yi canjin mai mota ta manhajar gwamnati ta Absher, istimara, wato takardar rajistar mota, ta koma sunansa a ranar. Muka sauko ta Hada da yamma, birki bai yi wari ba, allurar zafi ba ta motsa ba, kowa na murna.

Abinda kwamfuta ba ta nuna ba, motar nan rayuwarta kaf a Ta'if ta yi, gari kan dutse sama da mita 1,600, inda dattijo zai je masallaci ya je kasuwa ya dawo cikin sanyi. Lagireto ɗinta, fanka, famfon ruwa, kwamfreson esi, babu wanda aka taɓa matsa wa. Sai ga ta a Makka, garin da a Hajjin 2024 zafi ya kai 51.8 a Harami, ana gudu da ita awa guda esi a ƙure sannan a zo a tsaya cak a cunkoson shingen Shumaisi. Ba a rufa wata biyu ba kan lagireto na roba ya tsage ta gefe. Allah Ya taimaka yaron na kallon allura, ya gangara ya kashe kafin ta dafa kanta, aka kira sadaha, motar ɗaukar motoci, ta ɗauko ta. Da bakanikenmu ya buɗe, wani Bahaushe da muka daɗe tare a sina'iya, ruwan da ya fito ja ne na tsatsa, dattijo ruwan famfo yake ƙara mata maimakon ruwan lagireto mai kalar lemo da aka yi ta da shi. Yace "Alhaji kar mu yi faci, a canza layin gaba ɗaya," lagireto, famfon ruwa, tamostat, robobin ruwa, fanbel. Haka aka yi, aka haɗa da man giya da matatarsa tunda ba wanda ya san yaushe rabon a canza, kuma giyar nan ba ta da sandar awo da za ka zaro ka duba kala, sai an ɗaga mota. Ga tayoyi huɗu rim 18, don tsohuwar taya a kwaltar Yuli da gudun 120 ba abin wasa bace, na ga abinda fashewar taya ke yi a hanyar nan da idona. Kuɗin da nace a ajiye nan suka tafi, har da ciko daga albashi.

Wannan ban ɗauke shi laifin motar ba, duk motar da ta shekara goma sha ta ci 230,000 za ta nemi waɗannan, ko Camry ce. Inda lissafi ya fara bambanta shi ne abinda ake biya kowane wata.

Kwana 26 sau 160, kilomita 4,160 kenan a wata ban da yawon Juma'a. A hanya miƙaƙƙiya da esi, in ya riƙe ƙafarsa, tana shan wajen lita 12 a kilomita 100, lita 500 a wata. Fetur tun Yulin 2021 aka tsayar da shi, litar mai lamba 91 riyal 2.18, mai lamba 95 riyal 2.33. Da 91 wajen 1,090, da 95 wajen 1,165, kuma da zafi bakanike yace ya riƙa sa 95 saboda yana jin ƙyas-ƙyas a inji in an taka. Kwatan albashi cur a fetur. Ƙaramar mota da ke shan rabin haka da wajen 600 za ta yi masa wannan zirga-zirgar. Mutane na mantawa cewa lokacin da motocin nan suka cika titi, har ƙarshen 2015, litar fetur mai lamba 95 halala 60 ce, ko riyal ɗaya ba ta kai ba, tankinta mai lita 73 da riyal 44 za ka cika shi ya tumbatsa, yau 170 ne, kuma ba ya kai shi kwana huɗu. A wancan zamanin ba wanda ke tambayar me V8 ke sha. Dalilin da yasa yanzu kake samunta da araha kenan, masu ita sun yi wannan lissafin kafin kai.

Baƙin mai kusan lita 8 take ɗauka, ninki biyu na ƙaramar mota. Mai zuwa aiki cikin gari sau biyu a shekara zai canza, shi duk wata biyu. Taya da wani zai yi shekara uku da ita shi shekara ɗaya ta ƙare tunda yana cin kusan 50,000 a shekara. Duk wani abu da littafin mota yace "bayan kilomita kaza," a wajensa gobe ne. Na taɓa ce masa ka sayi ingarman doki na hawan sallah kana zuwa ɗiban ruwa da shi safe da yamma, dokin zai iya, amma dawar da zai ci ba ta jaki bace.

Sai Sahir, kyamarorin kama masu gudu a titi. Motar nan a giya ta shida tana 120 injin kamar barci yake, ba ƙara ba girgiza, ɗan taɓa totur kaɗan ka wuce 140 ba ka sani ba. Watannin farko saƙon tara ya riƙa shigo masa a waya, mafi ƙanƙanta 150, kuma tara in ba ka biya ba ranar sabunta istimara za ta tsaya maka a gaba. Maganinsa mai sauƙi ne, musabbit ɗin da ke riƙe gudu, yana hawa babban titi ya danna a 118 ya cire ƙafa. Amma ku duba abin dariya, ya biya kuɗin doki 360 ya koma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Yaris ɗin da ya raina. Tafhit kuwa tun ranar farko na gaya masa tarar karon farko 20,000 ce a kuma kulle motar, kusan kuɗin da ya saye ta, kuma shi mai iƙama ne, wato takardar zama, ba ɗan ƙasa ba, ba ya son sunansa ya shiga irin wannan fayil. Nan dai ya ji magana.

Duk waɗannan kuɗi ne, kuma kuɗi ana iya matse ciki a biya. Abinda ya kusa raba shi da aikinsa daban ne, shi ne ma dalilin da yasa na zauna rubuta wannan.

Da farko famfon mai. Yaron ya saba sai fitilar mai ta kama yake shiga gidan mai, saboda 170 a lokaci ɗaya na masa ciwo, sai ya sa na hamsin hamsin, shi kuma famfon cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, kullum tanki a ƙasa ga zafi ga tsufa. Wata safiya bayan Bahra ta fara shiƙa ta mutu. A wasu motocin kujerar baya za ka ɗaga ka buɗe murfi ka zaro famfo, awa ɗaya an gama. Wannan ba ta da murfin, sai an sauke tanki, kafin tanki ya sauko kuma sai salansa da furofela sun fita. Wasu yanka ƙarfen ƙarƙashin kujera suke yi, bakanikenmu yaƙi, yace ba zai sa abin yanka a saman tankin fetur ba, na kuma goyi bayansa. Famfon kansa ba irin na Yukon bane, na gidan Ostireliya ne, na kasuwa da aka fara kawowa bai zauna daidai ba aka mayar, kafin a samo wanda ya dace mota ta kusa sati a kan jak.

Bai gama farfaɗowa ba, cikin goman ƙarshe na azumi lokacin da hanyar Jidda ke cika da masu Umara, wani ya daki bayansa a cunkoso. Ba wani bugu bane, bamba ta tsage fitilar baya ta dama ta tarwatse. Najm, masu zuwa duba hatsari, suka ba wancan laifi ɗari bisa ɗari, aka kai Taƙdir aka ƙiyasta kuɗin gyara, tamin ɗin mutumin ya biya, ta wannan ɓangaren komai ya tafi yadda ya kamata. Kuɗi a hannu, kaya babu. Tashlih ɗin Jidda, inda ake kwance tsofaffin motoci a sayar da kayansu, an zaga, wanda ke da ita ta hagu ce, wani kuma tasa ta tsohon samfuri ce. An buga waya tashlih ɗin Ha'ir a Riyad, aka samu bamba, fitila babu. Kuma daidai lokacin fahas ɗinsa ya ƙare, ba za su wuce da mota da fasasshiyar fitila ba, yawo da ita haka kuma neman wata tarar ne. Daga ƙarshe wani abokinsa ya tuna masa cewa motar nan an sayar da ita a Amurka a 2008 da 2009 da sunan Pontiac G8, jiki ɗaya ne, aka yi odar fitilar ta intanet biyu gaba ɗaya don kalar ta zo ɗaya. Sati uku mota na ƙofar gida an rufe ta da tamfol, lafiyarta ƙalau, in ka murza makulli ta tashi, fitila ɗaya ta zaunar da ita.

A waɗannan makonnin ya koma bin kaddad cikin azumi, yana biyan kuɗin mota ga tasa a ajiye, makara ta taru, aka yanke masa albashi aka ba shi takardar gargaɗi. Dokar aiki ta nan ta ba mai aiki damar sallamar wanda ya yi fashi ba uzuri sama da kwana 15 a jere ko sama da 30 a warwatse cikin shekara, bayan an gargaɗe shi a rubuce. Bai kai nan ba, amma wanda iƙamarsa ke rataye da aikinsa ko takardar farko ta isa ta hana shi barci. Uwarsa ta kira ni tace "Yaya, kai ka raka shi ya sayo wannan abar, kuɗin aurensa ne fa ke narkewa." Nace mata ta ƙara haƙuri mu ga yadda za a yi.

A ganina in mutum zai sayi tsohuwar mota mai gudu don zuwa aiki, tambayar nawa take sha ita ce ƙarama, wannan da kalkuleta za ka sani tun kafin ka saya. Babbar tambayar ita ce ranar da ta tsaya kwana nawa za ta yi kafin ta tashi, kuma a kwanakin da me za ka je aiki. Accent in aka fasa mata fitila da safe, la'asar ka ɗaura wata, asali ko ta Taiwan ka zaɓa. Wanda ke da mota biyu, ko aikinsa na bayan gida, Lumina SS ba ta da wata matsala a wajensa, in ta zauna sati uku ta zauna. Injin kuwa har yau bai nemi komai ba banda mai da fulogi da sensa ɗaya ta baƙin mai, ya haura 290,000 yana nan daram, shi yasa in an tambayi yaron sai yace motar ba ta taɓa ba shi matsala ba, kuma ta wani gefen ba ƙarya yake ba.

Ya so ya riƙa ɗaukar fasinja daga Makka don rage kuɗin mai, na hana, ɗaukar fasinja da motar gida ba lasisi tara ce mai nauyi har da kama mota. Abinda aka yi shi ne an samu wani abokin aikinsa da ke zaune Ka'akiyya mai Accent, suka raba, sati ɗaya motar wannan sati ɗaya ta wancan, ba wanda ke biyan wani. Nan take kilomitansa suka koma rabi, fetur ya sauko wajen 600, canjin mai ya koma duk wata huɗu, kuma in tasa ta kwanta akwai wadda za ta kai shi. Shi abokin ma ya fi son satin Lumina, kujera ce kawai yake kwantarwa ya yi barci har Khumra. Na sa shi yana ware 400 duk wata a wani asusu daban wanda ba ya taɓawa sai don mota, tanki kuma ba ya sauka ƙasa da kwata. Duk lokacin da wata Lumina irin tasa ta shigo tashlih akwai wanda ke buga masa waya, ta haka ya sayi fitilar gaba ɗaya da madubin gefe da injin ɗaga gilas ya ajiye a saman durowa tun ba a buƙace su ba, uwar na ta mitar ya mayar mata da ɗaki shago.

Kwanan baya wani ya taya ta 24,000 saboda irinta da ba a taɓa ba sun fara wuya, yaƙi sayarwa. Bush ɗin ƙafar gaba da aka gani tun a Ta'if yanzu sun fara ƙwanƙwasa in ya hau kwanciyar ɗan sanda, an yi odar su tare da shakazoba biyu, kuma wannan karon sai kaya sun iso hannu sannan za a kai ta gareji, a satin da Accent ke kan layi.